Haɗarin Burin Kimiyya a Adabin Gotik da Alaƙarsa da Tarihin Damagaram

Haɗarin burin kimiyya jigo ne da ya ratsa ƙagaggun labaran ban tsoro na Turai da Amurka, waɗanda ake kira adabin gotik, tun daga farkon ƙarni na 19 har zuwa farkon na 20. A cikin irin waɗannan labarai akan ɗauko masani mai kaifin basira, likita ko mai haɗa sinadarai ko injiniya, wanda ya ƙwallafa ransa a kan gano wani sirri na halitta. Yakan janye jikinsa daga mutane, ya yi aikinsa a ɓoye, ya kai ga abin da yake nema, daga nan kuma abin ya zame masa masifa, shi da na kusa da shi. Littattafan da aka fi sani da wannan jigo su ne Frankenstein na Mary Shelley (1818), da labarin Dokta Jekyll da Mista Hyde na Robert Louis Stevenson (1886), da labarin tsibirin Dokta Moreau na H. G. Wells (1896). Jigon ya taɓo ƙasar Hausa ta fuska biyu. Akwai littafin Faransanci da ya kafa birnin masaninsa a hamadar da ke gabas da kogin Neja, akwai kuma ayarin sojan Faransa na 1899 da ya nufi Zinder, babban birnin Damagaram, wanda abin da ya aikata a hanya ya zarce duk abin da marubutan suka ƙaga.

Asalin jigon

Adabin gotik ya samo sunansa daga salon ginin tsoffin majami'u da fadoji na Turai. Littafin da ake ɗauka a matsayin na farko shi ne The Castle of Otranto na Horace Walpole, wanda ya fito a 1764. Labaran farko sun dogara ne ga fatalwa, da kufan fada, da la'anar da ke bin zuri'a. Da ƙarni na 19 ya shigo, sai abin tsoron ya tashi daga kufai ya koma ɗakin gwaji, domin abin da mutane ke gani da idonsu a lokacin ya ishe su firgita.

A 1791 Luigi Galvani, likita a Bolona ta Italiya, ya wallafa bincikensa a kan yadda ƙafar mataccen kwaɗo ke motsi idan lantarki ya taɓa jijiyarta. A 1803 ɗan 'yar'uwarsa, Giovanni Aldini, ya maimaita gwajin a Landan a kan gawar wani mutum da aka rataye, a gaban 'yan kallo: muƙamuƙin gawar ya yi rawa, ido ɗaya ya buɗe. A wannan zamani kuma makarantun likitanci na Birtaniya suna fama da ƙarancin gawar da za a feɗe don koyarwa, har tonon kabari ya zama sana'a. A 1828 aka kama William Burke da William Hare a Edinbara, waɗanda suka kashe mutum 16 suka sayar wa Dokta Robert Knox gawarwakin. Wannan abin kunya yana cikin dalilan da suka sa majalisar dokoki ta yi dokar feɗe gawa a 1832. Saboda haka mai karatu na wancan lokaci bai ɗauki masanin da ke yawo a maƙabarta da dare a matsayin tatsuniya ba.

Frankenstein

Mary Shelley ta fara rubuta littafinta a 1816 tana da shekara 18, a bakin tafkin Janeba, inda ita da Percy Shelley suka zauna kusa da Lord Byron da likitansa John Polidori. Aman wutar dutsen Tambora na Indunusiya a 1815 ya dagula yanayin Turai, ruwa da sanyi suka tsare su a ɗaki, Byron ya kawo shawarar kowa ya rubuta labarin ban tsoro. Littafin ya fito a farkon 1818 ba tare da sunan marubuciyar ba, ta kuma sake gyara shi a 1831.

Victor Frankenstein, ɗan gidan mutunci daga Janeba, ya tafi jami'ar Ingolstadt a Jamus jim kaɗan bayan rasuwar mahaifiyarsa. Can ya gano yadda ake sanya rai a jikin da ba shi da rai. Ya yi ta tattara ƙasusuwa da sassan jiki daga maƙabarta da ɗakin fiɗa da mahauta, ya daina rubuta wa iyalinsa wasiƙa, ya rame, har ya haɗa wata halitta mai tsawon kimanin ƙafa 8. Daren da ta buɗe ido, muninta ya razana shi, ya fita da gudu ya bar ta. Littafin bai fayyace dabarar da ya bi ba. Tsawa da walƙiyar da mutane suka saba gani sun shahara ne ta hanyar fim ɗin labarin da aka yi a 1931.

Halittar ba da mugunta ta fara rayuwa ba. Ta ɓuya a jikin bukkar wasu talakawa, tana leƙensu ta wata 'yar kafa, ta koyi magana da karatu daga sauraronsu, da dare kuma ta yi musu itace a asirce. Ranar da ta bayyana kanta sai aka kore ta da sanda. Ta ceci wata yarinya daga ruwa, aka saka mata da harbin bindiga. Daga nan ta juya ga ramuwa: ta kashe ƙanen Victor, da amininsa Henry Clerval, da amaryarsa Elizabeth a daren bikinsu. Wurin da ya fi tona halin Victor shi ne shari'ar Justine, yarinyar da ke aiki a gidansu, wadda aka ɗora wa kisan ƙanen nasa. Ya san wanda ya yi kisan, amma ya ja bakinsa ya yi shiru don kada a ce ya haukace, har aka zartar mata da hukuncin kisa.

Marubuciyar ta naɗe labarin cikin wasiƙun wani matuƙin jirgin ruwa mai suna Robert Walton, wanda ya nufi ƙurewar arewacin duniya don neman suna ta hanyar bincike. Shi ya tsinci Victor a kan ƙanƙara. Da jirgin ya maƙale, ma'aikatansa suka nemi a koma gida, Walton ya amince duk da ɓacin ransa. Shi kaɗai ne mai buri a littafin da ya saurari mutanen da rayukansu ke hannunsa, shi kaɗai ne kuma ya tsira da su.

Sauran littattafan

A Amurka, Nathaniel Hawthorne ya rubuta The Birth-Mark a 1843. Masani Aylmer ya auri kyakkyawar mace mai ɗan tabo a kumatu, siffarsa kamar ƙaramin hannu. Tabon ya hana shi sakat, ya haɗa mata magani ta sha, tabon ya dushe, ita kuma ta cika. A labarinsa na 1844 wani likitan Padua mai suna Rappaccini ya reni 'yarsa a cikin lambun tsirrai masu dafi har jikinta ya zama dafi ga duk wanda ya kusance ta.

Stevenson ya mayar da gwajin cikin jikin masanin kansa. Dokta Jekyll, likita mai daraja a Landan, ya haɗa wani ruwan magani da ke raba shi da ɓangarensa mai son sharri, domin ya ji daɗin ɓarna da sunan Hyde, mutuncinsa kuma ya zauna lafiya. Hyde ya tattake yarinya a titi, ya kashe wani dattijo ɗan majalisa da sanda. Daga baya rikiɗar ta fara zuwa ba da son Jekyll ba. Da gishirin da yake haɗa maganin ya ƙare ya sayo sabo, sai ya ƙi aiki, ya gane cewa wani gurɓataccen abu da bai sani ba a cikin na farkon shi ne sirrin. Wato mutumin da ya ɗauka ya mallaki ilimin bai taɓa sanin dalilin nasararsa ba.

Wells, wanda ya karanci ilimin halittu a hannun T. H. Huxley, ya rubuta nasa littafin a lokacin da ake zazzafar muhawara a Ingila kan fiɗar dabbobi da ransu, bayan dokar 1876 da ta taƙaita hakan. Dokta Moreau ya bar Landan ne bayan wani ɗan jarida ya tona abin da ke faruwa a ɗakin gwajinsa. Ya tare a wani tsibiri na tekun Fasifik, yana yanka dabbobi yana ɗinke su don su ɗauki siffar mutum, ya kafa musu dokoki, ya mai da kansa abin bautarsu. Wata dabba dangin damisa da yake aiki a kanta ta tsinke mari, a ƙarshe ita ta yi ajalinsa. Muhimmin abin da Wells ya ƙara wa jigon shi ne wuri: masanin da doka ta hana a gida yakan nemi ƙasa mai nisa inda ba mai tambayarsa.

Abin da ya haɗa labaran

Abubuwa huɗu suna maimaituwa. Masanin yana aiki a ɓoye, ba malami ko aboki ko hukuma da ke duba shi. Yana ɗaukar mai rai, mutum ko dabba, a matsayin kayan aiki. Yana neman matsayin da ba nasa ba, na mai halitta ko mai iko da rai. Idan kuma abin ya ɓaci, yakan gudu daga alhakinsa, wasu su biya. Babu ɗaya daga cikin marubutan da ya zargi neman ilimi shi kansa. Abin da suka zarga shi ne ilimin da aka raba da amana.

Mai karatu Bahaushe ba baƙo ba ne ga wannan tunani. Alƙur'ani ya kawo ƙissar Ƙaruna, wanda ya jingina dukiyarsa ga wani ilimi da yake da shi, da ta Samiri, wanda ya ƙera ɗan maraƙi mai ruri ya ɓatar da jama'a. A hadisi kuma ya inganta cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana neman tsari daga ilimin da ba ya amfani. Damagaram kuwa ta san ƙere-ƙere tun kafin zuwan Nasara: a zamanin Sarki Tanimu, wanda ya rasu a 1884, an kewaye birnin Zinder da garu, maƙeransa suna zuba igwa, ana kuma haɗa albarushi a cikin gari.

Birnin masani a hamada

Jules Verne ya rasu a 1905 ya bar 'yan babobi na wani littafi. Ɗansa Michel Verne ya gina labarin ayarin Barsac a kansu. Jaridar Le Matin ta buga shi kashi-kashi a 1914, ya fito a littafi a 1919 da sunan uban. An fi sanya shi cikin labaran kasada da ƙagen kimiyya, amma jigonsa na su Frankenstein ne.

Wani ɗan majalisar Faransa mai suna Barsac ya tashi daga Konakiri don ya bincika ko mutanen Afirka ta Yamma sun isa a ba su 'yancin zaɓe. Aka sace shi da abokan tafiyarsa, aka kai su wani ɓoyayyen birni mai suna Blackland a hamadar da ke gabas da Gao. Mai mulkin birnin ɗan fashi ne, Harry Killer, amma wanda ya gina shi injiniya ne, Marcel Camaret. Shi ya sa ruwan sama sauka a kan yashi har gonaki suka yi kore, shi ya ƙera jiragen sama, da na'urar leƙen nesa, da wasu ƙananan makamai masu tashi da kansu. Camaret yana zaune cikin masana'antarsa, bai taɓa tambayar inda kuɗin ke fitowa ba, bai kuma tambayi su wa ke noma gonakin ba. Jiragen da ya ƙera su ake kai hari da su ƙauyuka a kwaso mutane bayi. Da gaskiya ta bayyana masa, bayin kuma suka yi tawaye, hankalinsa ya gushe, ya ɗauki kansa ubangijin birnin, ya tarwatsa shi da nakiya ya mutu a ciki.

Littafin yana ɗauke da raini ga baƙar fata irin na zamaninsa. 'Yan Afirka a cikinsa ba su da murya ta kirki. Duk da haka ya kama wata gaskiya da Shelley ba ta kai gare ta ba: masani ba ya buƙatar mugun nufi kafin ya zama makamin azzalumi, rashin tambaya ya wadatar. A cikin labarin akwai kuma wani hafsan Ingila da aka zarga da mayar da ayarinsa gungun 'yan fashi a ƙasar Afirka, zargin da ya yi kama ƙwarai da abin da jaridun Faransa suka buga a 1899.

Hanyar Zinder, 1898 zuwa 1900

Matafiya Turawa sun daɗe da sanin Zinder. James Richardson ya sauka a garin a 1851, Heinrich Barth kuma ya zauna a ƙarshen 1852 zuwa farkon 1853. A watan Mayun 1898 aka kashe Kyaftin Cazemajou da tafintansa Olive a Zinder bisa umarnin Sarki Amadu Kuran Daga, wanda ya ji tsoron kada baƙin su haɗa kai da Rabe, mayaƙin da ke iko a yankin tafkin Cadi. Bayan yarjejeniyar iyaka tsakanin Faransa da Ingila ta watan Yunin 1898, Faransa ta shirya ayari uku su haɗu a tafkin Cadi: ɗaya daga Kwango, ɗaya daga Aljeriya, ɗaya daga kogin Neja.

Ayarin Aljeriya yana ƙarƙashin Fernand Foureau, mai binciken ƙasa, da Kwamanda Lamy. Ƙungiyar masana labarin ƙasa ta Faris ta ba da kuɗin tafiyar, Foureau kuma ya wallafa manyan kundaye a kan duwatsu da tsirrai da yanayin ƙasashen da ya ratsa. Amma ayarin na ɗauke da ɗaruruwan sojoji da igwa, ya kuma iso Zinder a watan Nuwamban 1899 a matsayin wani reshe na mamaya. Awon ƙasa da cin ƙasa tafiya ɗaya suka yi.

Ayarin kogin Neja shi ne na Kyaftin Paul Voulet da Kyaftin Julien Chanoine. Su sojoji ne, ba masana ba, sai dai sun cika sauran sharuɗɗan jigon gaba ɗaya: makaman da mutanen ƙasa ba su da irinsu, nisa daga duk mai sa ido, da ɗaukar ɗan Adam a matsayin abin ɗaukar kaya. Daga watan Janairun 1899 suka nufo gabas suna ƙona garuruwa, suna kashe 'yan dako da jagororin hanya. A watan Afrilu suka yi karo da Sarauniya Mangu a Lugu. A watan Mayu suka ci Birnin Ƙonni, suka kashe jama'a masu ɗimbin yawa. Wasiƙar wani hafsa da ya bar ayarin, Laftanar Peteau, ita ta kai labari Faris, gwamnati ta tura Laftanar Kanar Klobb ya karɓe shugabanci. Klobb ya bi sawunsu ta kufai da gawarwaki. A ranar 14 ga Yuli, a Dankori kusa da Tasawa, Voulet ya sa aka harbe shi. Hafsoshin da suka tsira sun ba da shaidar cewa ya faɗa musu ya fita daga ikon Faransa, zai kafa daula tasa. Cikin kwana uku sojojinsa baƙar fata suka kashe Chanoine, sannan shi, a yankin Mai Jirgi. Abin da Walton ya yi a ƙagaggen labari, wato ya ji kiran komawa, shi ne abin da Voulet ya ƙi.

Mutuwarsu ba ta ceci Damagaram ba. Ragowar ayarin a ƙarƙashin hafsoshi Pallier da Joalland ya karya rundunar sarki a Tirmini a ƙarshen Yuli, ya shiga Zinder, aka kashe Amadu Kuran Daga a watan Satumba. Ayarin uku suka haɗu suka yaƙi Rabe a Kuseri a ranar 22 ga Afrilun 1900. Zinder ta zama hedikwatar yankin daga 1911 zuwa 1926. A nan tarihi ya saɓa da adabi: a littafi tsibirin Moreau da birnin Camaret sun rushe tare da masu su, a ƙasar Hausa kuwa an yi tir da mutanen, aka riƙe abin da suka ci.

A watannin da Voulet ke tafe, daga Fabrairu zuwa Afrilun 1899, wata mujallar Birtaniya ke buga Heart of Darkness na Joseph Conrad, labarin Bature mai ilimi da ya mai da kansa abin bauta a dajin Kwango. Marubucin Suwidin Sven Lindqvist ya jera labaran biyu a littafinsa na 1992, haka ma fim ɗin African Apocalypse na 2020, wanda ya bi hanyar ayarin yana jin ta bakin jikokin waɗanda abin ya shafa.

Amsa daga Nijar

Abdoulaye Mamani, marubuci kuma ɗan jam'iyyar Sawaba da ya yi siyasarsa a Zinder, ya wallafa Sarraounia, labarin Sarauniya Mangu, a 1980. Littafin ya juya mahangar da Turawa suka saba: mutanen da ake ƙona wa gari su ne a tsakiyar labari, suna da suna da shawara da saɓani a tsakaninsu. Ilimin da ke cikinsa, na itatuwa da magani da yaƙi, sarauniyar ta koye shi ne don kare jama'arta. Med Hondo ya mai da shi fim a 1986, fim ɗin ya ci babbar kyautar bikin fina-finai na FESPACO a Wagadugu a 1987. Mamani ya rasu a haɗarin mota a 1993. A fagen tarihi kuma André Salifou, haifaffen Zinder, wanda jami'ar garin ke ɗauke da sunansa, ya wallafa bincikensa kan daular Damagaram ta ƙarni na 19 a 1971.

Jigon bayan zamanin littattafan

Neman wuri mai nisa don yin gwaji bai ƙare da mulkin mallaka na farko ba. A ranar 13 ga Fabrairun 1960 Faransa ta tayar da bam ɗinta na nukiliya na farko a Reggane, a hamadar Aljeriya. Taswirar sojan Faransa da aka fitar daga sirri, aka buga a 2014, ta nuna ƙurar ta bazu a kan yankuna masu faɗi na Afirka ta Yamma. Nijeriya ta yanke hulɗar jakadanci da Faransa a watan Janairun 1961 saboda waɗannan gwaje-gwaje.

A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano, a binciken da ya haɗa yara kimanin 200. Yara 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Iyaye sun ce ba a yi musu bayanin cewa gwaji ba ne; kamfanin ya musanta laifi, ya ce cutar ce ta yi ɓarnar. A 2009 aka sasanta da gwamnatin jihar Kano a kan dala miliyan 75. Rashin yardar da wannan al'amari ya bari yana cikin abubuwan da aka ambata lokacin da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano a 2003, wanda ya jawo cutar ta sake yaɗuwa. Ɓarnar gwajin da ba a riƙe amana a cikinsa ba takan shafi har maganin da ke da amfani.

Dokokin bincike na yau, tun daga ƙa'idojin Nuremberg na 1947 da sanarwar Helsinki ta 1964, amsa ce ga irin laifuffukan da waɗannan littattafai suka zayyana tun kafin a rubuta dokokin. Sun hana aiki a ɓoye, sun wajabta kwamiti mai zaman kansa ya duba bincike kafin a fara, sun ɗora wa mai bincike alhakin abin da ya biyo baya. Damagaram tana buƙatar likitoci da injiniyoyi da masana noma fiye da yadda take da su, kuma babu abin da ke cikin adabin gotik da ya hana neman wannan ilimi. Sharaɗin da ya tabbata shi ne, duk binciken da za a yi a kan mutum, a Zinder ko a Kano ko a Faris, sai an yi masa bayani da harshen da yake ji, ya kuma yarda da bakinsa ba tare da tilas ba.